Inda Ƙasar Ushangi Ta Ƙare

"Wace iyaka?"

Da wannan tambayar aka fi sanin Kawu Ushangi a Satibari. Ko a shago ne, ko a wurin makoki, ko cikin motar hayata muna gangarawa Gori, da zarar bakin wani ya suɓuce ya ce "iyaka", sai muryar nan tasa mai kama da ana jan tsohuwar ƙofa ta taso daga kujerar baya.

"Wace iyaka? Wa ya haife ta? A gidan uban wa aka raɗa mata suna?"

Sai mota ta yi tsit. Mai suɓutar baki ya ce, "Afuwa, Kawu. Can sama nake nufi."

"To ka ce can sama."

Haka duk muka koyi cewa. A ƙasan gari, tsakanin gonakin tuffa, sojojin ƙetare sun ja waya mai ƙaya tun bayan yaƙi, ko makaho ya san inda zai tsaya. Can sama kuwa ba waya, ba allo, ba komai. Ciyawar da ke nan ita ce can. Layin yana cikin kan sojojin da ke laɓe a kurmi, su kaɗai suka san inda ya bi, sai an kama mutum sannan a gaya masa ya tsallake. Kuma a can sama filayen ciyawarmu suke, da ɗan cocin Waliyyi Giorgi, da tsohuwar maƙabarta, da dutsen da ke bayan cocin, wanda tun kakanni yake nuna ƙarshen ƙasar ƙauyenmu.

Gidan Kawu Ushangi ne na ƙarshe a saman gari. Katangarmu ɗaya, shi ya sa tun ina yaro nake ce masa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Daga bayan rumfar shanunsa hanyar can sama take farawa. Mai yankan ciyawa ne, kamar ubansa. In rani ya tsaya yakan haura da dogon laujensa tun raɓa ba ta bushe ba, daga gari muna jin ƙarar dutsen washi a jikin ƙarfe, shak, shak, shak, sai waƙarsa ta biyo baya. Matarsa Eteri takan ce, "In waƙar ta tsaya, yunwa ce. In washin ya tsaya, barci ne." Ta rasu a hunturun da ya gabaci yaƙin, aka haura da ita cikin dusar ƙanƙara aka binne ta a gefen cocin. Ita ce mutum ta ƙarshe da muka kai can.

Ranin da ya biyo bayan yaƙin, Kawu ya saɓa laujensa ya haura kamar ba abin da ya faru. Suka kama shi kusa da tsohuwar manjagarar ƙarfe, irin wadda doki ke ja, da aka bari a fili tun zamanin gonar gwamnati. Kowa ya san yadda abin yake: in an kama ka, sai ka amsa cewa ka ƙetare iyaka bisa kuskure, bayan 'yan kwanaki a sake ka a gadar da ke kan hanyar Gori. Shi kuwa cewa ya yi, "Filina na je." Suka sake tambaya, ya sake faɗa. Sai da aka gama tsinkar tuffa ya dawo, ba bel a ƙugunsa, ba tabarau, ga wani tari da bai ƙara rabuwa da shi ba.

Bai daddara ba. Wata shekara, Litinin ɗin bayan Ista, ranar da ake kai wa matattu jajayen ƙwai da giyar inabi, ya cika aljihunsa ya haura wajen Eteri. Suka sake riƙe shi, wannan karon ma ya fi daɗewa.

Ƙanwarsa Lamzira, wadda ta dawo gidan tun mutuwar mijinta, ita kaɗai ce ba ta shakkar bakinsa.

"Yaya, ƙwan fa? Eteri ta samu, ko su suka karya kumallo da shi?"

"Ke dai rufe mini baki."

"Zan rufe ranar da ka yi hankali. Kana ganin zan kai ranar?"

Har alƙawari ya karɓa daga samarin gari, ni ma ina ciki, a kan tebur, kofi a hannu. Ya ce in ya mutu mu haura da shi mu kwantar da shi kusa da matarsa.

"Gawa dai ba za su tambaye ta takarda ba," in ji shi.

Lamzira ta leƙo daga kicin. "Masu ɗaukar gawar fa? Su ma mutuwa za su yi tukuna?"

Aka yi dariya, amma mun riga mun sha a kan maganar, kuma a wurinmu abin da aka sha a kai ba ya tashi.

Da ƙura ta lafa, sai baƙi masu yawon duwatsu suka fara zuwa, da jakunkunan goyo da taswira a waya. Wanda ya biyo titi, 'yan sandanmu na gada sukan tare shi su yi masa bayani. Wanda ya sauko da ƙafa ta ɗaya kwarin kuwa, mu yake fara gani. Sai ya nuna cocin da ke ƙyalli a kan tudu ya ce, "Wancan naku ne?"

"Namu ne mana!"

"Akwai hanya?"

"Kakanninmu ne suka fasa ta."

Ba wanda ya yi ƙarya. Ba kuma wanda yake iya buɗe baki a gaban baƙo ya ce wancan ba namu ba ne, balle a ce Kawu Ushangi yana kusa. Sai dai a ja mutum da hira, a cika shi da abinci da giya, har rana ta yi masa nisa ya haƙura. Da haka muka daɗe muna sha da ƙyar.

Ranar da Aldona ta zo, tun safe ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta zabtaro ta toshe titi tsakaninmu da gada, wuta ta ɗauke, wayoyinmu suka koma duwatsu a aljihu. Ina ƙarƙashin rumfa ina duba birkin mota sai na ji tak, tak, tak a kan duwatsun hanya. Wata farar mace ce doguwa, gashinta duk furfura, sanda bibbiyu a hannu, ruwa na zuba daga hularta. Ta sauko ta ɗaya kwarin. Gidan farko da ta tarar shi ne na Kawu, kafin ta gama sallama ya karɓi jakarta.

Ba a ciyar da baƙo a tebur da ba mutane, don haka aka ƙwala mini kira ta kan katanga. Lamzira ta fito da burodi mai zafi daga tanderu, da wake a tukunyar ƙasa, da cuku mai gishiri, da tulun giya. Baƙuwar 'yar ƙasar Lituweniya ce, tsohuwar malamar makaranta. Da Rashanci muka yi hira, harshen da aka ɗura mata a aji, aka ɗura wa Kawu a soja. Ta ce ta taɓa zuwa nan tana ɗaliba, zamanin da duk ƙasa ɗaya ce, ita da wani saurayi mai suna Jonas wanda daga baya ya zama mijinta. Sun hau har cocin. Bara ya rasu.

"Wani tsoho mai gashin baki ne ya raka mu," in ji ta. "Da muka wuce cocin ya tsaya wajen wani dutse, ya raba burodi biyu, ya faɗi wata magana da ba mu gane ba."

Kawu ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Babana ne! Ko ƙaninsa. Duk gidanmu masu gashin baki ne, har wannan." Ya nuna Lamzira da haɓa.

"Allah Ya isa," in ji Lamzira, tana ƙara wa baƙuwa wake.

Sai ya yi mata bayani, a hankali, yana jin daɗin kowace kalma. Baƙon da ya ci burodin gidanka, alhakinsa yana wuyanka muddin ƙafarsa tana kan ƙasar ƙauye. Ba ka barinsa ya tafi shi kaɗai. Kana raka shi har dutsen, ka raba burodi, ka ba shi rabi, ka ce: a nan ƙasata ta ƙare, gaba ta Allah ce. Daga nan ka sauke nauyi.

"Ashe abin da ya faɗa ke nan." Ta juya kofinta. "Cocin yana nan?"

"Ina za shi? Rufinsa ma mu muka gyara."

"Har yanzu naku ne?"

"Na wa zai zama?"

"To gobe zan hau. Na zo da kyandir."

Cokalin da ke hannun Lamzira ya bugi bakin tukunya. Ta dube ni, na dubi burodina.

Da aka tashi kwashe kwanoni, ta ja baƙuwar kicin. Ina biye da tulu, na ji komai. Lamzira ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce akwai sojoji a kurmi, ta ce za su kama ta, su tafi da ita garinsu, ba wanda zai san inda take.

Aldona ta yi murmushi, ta dafa kafaɗarta. "'Yar'uwa, duk ƙauyen da na bi sai an ba ni tsoro. Wancan sun ce akwai dabbobin daji, na gabansa sun ce 'yan fashi. Na san rigimar da ake yi, amma ai can ƙasa take, inda aka ja waya. Taswirata ba ta nuna komai a nan ba."

"Taswirarki ta taɓa kwana a hannunsu?"

"Bari in tambayi maigidan."

Ta koma ɗaki, ta tsaya gaban Kawu. "Malam Ushangi, ka gaya mini gaskiya. Tsakanin nan da cocin akwai iyaka?"

Ya aje kofinsa.

"Babu iyaka."

"Kin ji ko?" in ji ta ga Lamzira, cikin fara'a. Sai ta zauna, ta buɗe wata 'yar jaka mai ruwan toka, ta fito da allura, ta ɗaga gefen rigarta ta soka a ciki kamar mai saka maɓalli. Ciwon suga ne, in ji ta, tun tana matashiya. Ta saba.

Kafin duhu ya gama sauka, Lamzira ta tare Kawu a tsakar gida yana rufe wa shanu ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma a wurinta wannan ya fi ihu muni.

"Ka ga jakar nan?"

"Na gani."

"Ranar da suka kama ka, me suka bar maka a aljihu?"

Ya ci gaba da kokawa da sakata.

"Bel ɗinka ma sai da suka zare. Kai in ka koma hannunsu da wannan tarin, ba ka dawowa, to wannan ruwanka ne, ka daɗe kana nema. Ita fa? Me ta yi maka ban da cin wakenka?"

"Ba kullum suke fitowa ba. Bayan ruwa ba sa son caɓi."

"Au, sun aiko maka da saƙo ke nan?"

Na sa baki na ce, "Kawu, bari in taka da ƙafa in haye zabtarewar, in kira 'yan sandan gada su yi mata magana."

Ya juyo ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ka kira wa baƙuwata 'yan sanda? A gidana? Ubanka ne ya koya maka haka?"

"To zan ɓoye takalmanta," in ji Lamzira.

"Ki taɓa su ki gani."

"Kalma ɗaya ce, Yaya. Ba ta yarda da ni ba, ba za ta yarda da wannan direban ba. Kai ta tambaya. Kai kaɗai za ta ji."

"Sun riƙe ni har tuffa ta ƙare a kan wannan kalmar, ban ba su ba. Yanzu in faɗe ta a tsakar gidan ubana, ba wanda ya ɗora mini bindiga?"

Ya shige ɗaki. Lamzira ta tsaya tana goge hannunta da zani, hannun da ba komai a jikinsa.

Gari ya waye tas, sama kamar an wanke ta. Da na fito, Aldona ta riga ta ɗaure takalma. Kawu ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki da makoki, ya taje gashin baki, ya cusa burodi guda a ƙirjin kwat ɗin. Lamzira tana bakin ƙofa, hannuwa harɗe. Ni ta kalla.

"Bi su."

"Inna Lamzira, in na bi su me zan yi?"

"Ka zama shaida. In an tambaye ni yadda yayana ya kashe baƙuwa, in san abin faɗa."

Muka kama hanya. Kawu a gaba, Aldona a tsakiya, ni a baya. Sandunanta tak, tak, tarinsa jefi-jefi, rafi yana ta surutu a hagunmu saboda ruwan jiya. Tana cikin farin ciki. Tana nuna duwatsu tana cewa ta tuna wannan, a nan Jonas ya zame ya faɗi, a can suka ci cuku. Kawu yana amsa mata da sunan kowane fili da mai shi. Wannan na gidan su wane, wancan na gwauruwar wane. Rabin masu filayen suna maƙabartar da ke sama, rabi suna birnin Tbilisi suna gadin shaguna.

Muka iso kwamin dutse inda shanu ke shan ruwa. Nan ne iyakar kowa. Shanun ma an koya musu da sanda da karnuka kada su wuce. Na ga Kawu bai tsaya ba, sai na bi.

Daga nan ƙarar ƙararrawar shanu ta koma bayanmu, tana raguwa, har ta ɓace. Rafin ma ya karkata ya bar mu. Ba ka jin komai sai ciyawa tana shafar wando. Ta kai ƙugu, wani wurin har ƙirji, tsohuwa ta kwanta sabuwa ta fito ta kanta.

"Hanyar ta rufe," in ji Aldona. "Ba a yankan ciyawar nan?"

"Ruwa ya yi yawa bana," in ji Kawu.

Ta tsaya ta huta, ta jingina da sandunanta. Cocin ya fito sosai yanzu, ana ganin gicciyen da ke kansa da farar katangar maƙabarta. A damansa kurmin ya yi baƙi, ko ganye ba ya motsi. Ta buɗe 'yar jakar nan ta duba wani abu, ta jefa alewa a baki.

"Da Jonas ne ke riƙe mini ita," in ji ta. "Kullum sai ya tambaye ni, kin ɗauko, kin ɗauko, har in ji haushi."

Kawu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In aka karɓe miki ita fa?"

"Wa zai karɓa?"

"Misali na ce."

Ta yi dariya. "To sai ka jira kwana biyu ko uku ka binne ni a kyakkyawan cocin nan naka. Ba zan ƙi ba, wurin ya yi." Ta rufe jakar. "Ƙanwarka ta sake tare ni da asuba. Mutuniyar kirki ce, tana da tsoro ne kawai. Na ce mata, mutumin da na ci burodinsa ba zai kai ni inda za a cuce ni ba. Wannan kam na koya a ƙasarku tun ina yarinya."

Ya ci gaba da tafiya, amma takunsa ya canza. Na san takun Kawu a kan tudu tun ina yaro, dogo ne, ba ya sauri ba ya tsayawa. Yanzu ya koma gajere, kamar mai tafiya cikin ruwa.

Sai ga manjagarar. Ta nutse cikin ciyawa, ba abin da ya fito sai kujerar ƙarfe mai huji-huji da ƙafa ɗaya da tsatsa ta cinye. Ya iso gefenta ya tsaya. Ya dafa kujerar. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi, mu muna jira.

"Mu huta?" in ji Aldona.

Ya sa hannu cikin kwat ya fito da burodin. Shirun wurin ya sa na ji ƙarar ɓawonsa yana karyewa kamar an taka busasshen reshe. Ya miƙa mata rabi. Leɓensa ya motsa, amma ba abin da ya fito.

"Me ka ce?"

Ya gyara murya. "A nan ƙasata ta ƙare. Gaba ta Allah ce."

Ta dubi burodin, ta dubi cocin, ta dube shi. Ba ta karɓa ba.

"Ka ce dutsen yana bayan coci."

"Yana can."

"To?"

"A nan ƙasata ta ƙare."

Hannunsa yana nan miƙe da burodin. Ni dai na sunkuyar da kai, don ban taɓa ganin Kawu Ushangi haka ba, kuma ban so ya san na gani.

Ta yi magana a hankali. "Jiya na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Akwai iyaka?"

Wata tsuntsuwa ta tashi daga ciyawa ta wuce ta kanmu, ta nufi cocin abinta.

"Akwai." Ya nuna gaban manjagarar da rabin burodin da ke ɗaya hannun, wurin da ba komai sai ciyawa. "Ga ta nan. Ba ta da uwa, ba ta da uba, ba wanda ya raɗa mata suna. Amma tana nan. A nan suka kama ni. In kika ƙara gaba za su fito daga kurmin can, su kwashe duk abin da ke jikinki, har jakar. Ƙanwata gaskiya ta gaya miki. Ni ne na..." Ya tsaya. "Ki karɓa, baiwar Allah, hannuna ya gaji."

Ta karɓa. Na zaci za ta yi faɗa, kuma da ta yi, da ba wanda zai ga laifinta. Ta tsaya kawai tana kallon cocin, ga shi nan kusa, har ana iya ƙirga tagoginsa.

"Kana da wani a can?"

"Matata."

Ta gyaɗa kai. Ta sauke jakar goyonta, ta lalubo siririn kyandir mai ruwan zuma, ta soke shi a ɗaya daga cikin hujojin kujerar ƙarfen. Ashanarta ta jiƙe tun jiya. Na matso na ba ta tawa, ta kunna. Kawu ya cire hula, ni ma na cire. Ta ambaci Jonas da harshenta, sannan ta dubi Kawu.

"Eteri," in ji shi.

"Eteri."

Suka ci burodin a tsaye, kowa da rabinsa, ba ruwa ba cuku. Can cikin kurmi wani kare ya yi haushi sau ɗaya, aka tsawata masa da wata murya da ba ta garinmu ba, ya yi shiru. Aldona ta ji. Ta ɗauki jakarta.

A al'ada, bayan an raba burodi baƙo gaba yake yi, mai gida ya juyo shi kaɗai. Ranar nan mu uku muka juyo.

Lamzira tana inda muka bar ta. Ta ƙirga mu da ido, ta buɗe baki, na ga baƙar maganar ta taho har bakin haƙori. Sai ta dubi fuskar yayanta, ta haɗiye.

"Ruwan zafi yana kan wuta," ta ce. "Ka cire kwat ɗin nan kada ka ɓata ta."

Da aka buɗe titi ni na kai Aldona Gori. Muka wuce gada. Ta ce, "Ya yi fushi da ni?" Na ce a'a. Ta ce, "Da ya yi, da na fi samun sauƙi."

Ban gaya wa kowa ba, Lamzira ma ta ce ba ita ba ce, amma kafin mako ya zagayo duk Satibari ta sani. Ba wanda ya tayar masa da maganar. Wata rana dai a mota wani ya manta ya ce an kama mutum a iyaka a ƙauyen gaba, sai ya dafe baki, duk muka ƙame muna jiran muryar nan daga kujerar baya. Ba ta zo ba. Na duba madubi, yana kallon taga. Har muka isa Gori ba wanda ya ƙara tari ban da shi.

Sauran ranin nan a bakin ƙofarsa ya yi shi, kan wani kututture, inda duk mai haurawa sai ya wuce ta gabansa. Da ya ji tak, tak ɗin sanduna sai ya miƙe.

"Kai, mai jaka! Zo nan. Ka ci abinci?"

Ya shigar da mutum, ya ciyar da shi, sannan ya sa baƙar kwat ya raka shi. Ba ya kaiwa manjagara, a kwamin shanu yake tsayawa. In suna da harshe ɗaya ya yi bayani, in babu ya nuna kurmi, ya haɗa wuyan hannayensa biyu kamar an ɗaure. In an tambaye shi cocin na wa ne, sai ya ce, "Namu ne. Ba a zuwa." Sannan ya raba burodi ya faɗi maganar. Na ji shi yana faɗa sau da yawa, ban taɓa jin ta fito masa da sauƙi ba. Mu ma daga baya bakinmu ya saba da hakan: namu ne, ba a zuwa.

Da aka gama tsinkar tuffa ya aika aka tara mu, mu da muka sha a kan alƙawarin nan. Ya rame, kwat ɗin ta yi masa yawa. Ya zuba wa kowa da hannunsa.

"Abin da muka sha a kai, yau za mu sha mu kwance shi. Ku kai ni sabuwar maƙabarta, bayan makaranta."

Wani ya ce, "Haba Kawu, ai mun yi alƙawari."

"Da ni kuka yi, ni kuma na ce a kwance. Wanda ya ɗauki gawata, alhakinsa yana wuyana har ya koma gidansa. Ku sha."

Muka sha. Lamzira tana kicin, ba a ji ko ƙarar cokali ba.

Ya rasu a tsakiyar hunturu. Muka fito da akwatin a kafaɗa, dusar ƙanƙara tana ƙara ƙarƙashin takalmanmu. A bakin ƙofar gidan hanya ta rabu, ɗaya ta bi bayan rumfar shanu ta haura, ɗaya ta gangara cikin gari. Ba wanda ya ce a tsaya, amma muka tsaya. Na gaba suka ɗan karkata sama, kamar akwatin ne ke jansu. Rana ta fito, cocin yana can fari fat a kan tudu.

Lamzira ta ratso mutane da baƙin mayafinta, ta ɗora tafinta a kan akwatin.

"Ƙasa," in ji ta. "Shi ya ce."

Muka juya, muka gangara.